Huji Bakwai a Ƙarfen Kulocin Auta

Mahaifinmu ba makaniki ba ne, kuma in kana so ka ga ɓacin ransa, kira shi haka. Makaniki, in ji shi, sabon kaya yake sayowa ya ɗaura, shi kuwa abin da ba a samu a kanti yake ƙerawa. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi a ɗaki ɗaya mai rufin kwano a ƙarshen layin masu faci, shi da injin fiƙe ƙarfe da ya girme ni, da injin huda, da kayan walda, da wani benci da ya sha baƙin mai har ba ka cewa katako ne. Bango ɗaya ne tsakanin shagon ɗinkina da wurin aikinsa. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba. A gabana aka yi, kuma da hannuna a ciki.

Masu motocin tsere ne suka laƙaba masa Sikeli. Su mutanen nan ba sa barin mota yadda aka ƙera ta. Sai su cire injinta su dasa wani ƙato, daga nan komai ya daina dacewa da komai, su kwaso rigimar su kawo wa Baba. Abin da ya fi kawo su shi ne kuloci. Kulocin da zai riƙe irin wannan inji tauri gare shi, in ka taka ka ce dutse ne. Tsakanin fedar da direba ke takawa da shi kulocin akwai sanduna biyu, da wani lanƙwasasshen ƙarfe da ke juyawa a kan ƙusa, wanda Baba ke kira gwiwa. A jikin gwiwar nan ake huda inda sandar feda za ta kama. In hujin yana kusa da ƙusa, feda ta yi tauri, amma taku kaɗan ya isa. In ya yi nesa, ta yi laushi, amma sai ƙafa ta yi doguwar tafiya kafin kuloci ya saki. Baba ya sha faɗa mana cewa ba a samun biyun tare, duk wanda ya ce ya samu, ƙarya yake.

Sunan kuwa daga yadda yake awo ya samo shi. Ba ya fara duba mota. Direban yake zaunarwa a kan wata tsohuwar jarka, ya sa shi cire takalmin hagu, shi kuma ya tsuguna ya tara tafin hannunsa a ƙarƙashin ƙafar.

"Taka," zai ce. "A'a, ba gaisawa muke ba. Taka kamar na ci maka mutunci."

Sai ya rufe ido, ya ɗan jinjina kai, ya miƙe ya je ya zaɓo ƙarfe. Ba takarda, ba alƙalami. An taɓa yin wani mai ji da kansa da ya ce shi ba ya cire takalmi a gareji. Baba ya nuna masa rumfar masu gyaran takalmi, ya ce can ake auna takalmi, shi ƙafa yake aunawa. Mutumin ya tafi yana sababi. Bayan kwana uku sai ga shi da silifa.

A gida ba mai magana ba ne. Tun da Inna ta shiga asibiti da ƙafarta aka fito mana da ita a kwance, ko ta bakin ƙofar asibiti ba ya son wucewa. In ka kai masa damuwa, sai ya duba ko akwai abin da zai ɗaure ko ya sassauta. Ranar da aurena ya mutu na dawo gida, bai ce da ni ko sannu ba, amma ya yini yana kwance keken ɗinkina yana sa masa mai. In damuwar ba ta da noti, sai ka ga ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ina son mahaifina, amma wannan hali nasa ya sha ƙona mini rai.

Auta shi ne ƙanena, mu biyu muka rage. Sunan ne kawai na yara, amma magidanci ne, shekararsa talatin da uku, da matarsa da 'yarsa. Tayoyi yake sayarwa, tsere kuwa shi ne ransa. Shekara huɗu suka yi shi da Baba suna haɗa wata shuɗiyar mota daga gangar jikin da suka tsinto a wurin 'yan gwangwan. Duk ƙarshen wata ana tsere a wani fili bayan gari, ya kan zo na uku, wani lokaci na biyu. Sau ɗaya ya zo na ɗaya, ranar da tayar na gabansa ta fashe, kuma ban taɓa bari ya manta da haka ba.

"Yaya, ke fa baƙin ciki ne zai kashe ki," ya kan ce. "Ke da ko keke ba ki iya ba, sai na ɗinki."

Abin ya faro ne daga ciwon baya. Ya ɗaga akwatin giyar mota shi kaɗai, don taurin kai, bayansa ya ƙage, ya sha magani na kwana biyu ya ce ya warke. Bayan kamar wata guda, wata ranar Talata da hantsi, ya shigo da motar yana ƙorafi.

"Baba, kulocin nan ya yi tauri. Ko giris ne ya bushe?"

Baba ya shiga ƙarƙashin motar, ya fito, ya shiga ciki ya taka da kansa. Sai ya nuna masa jarka. Auta ya yi dariya ya ce wai yau kuma shi za a auna kamar baƙo, amma ya cire takalmin. Ni na shigo da shayin Baba ke nan, ina tsaye da kofi a hannu.

"Taka."

Ya taka.

"Taka mana."

"Ai na taka, Baba."

Na san fuskar mahaifina. Ya daɗe ido rufe fiye da yadda ya saba, kuma bai jinjina kai ba. Da ya buɗe ido, ƙasa ya duba, ya ce sanda ce ta ɗan lanƙwashe, Auta ya je shago ya dawo da yamma.

Babu sandar da ta lanƙwashe. Auta na fita, Baba ya kwance gwiwar, ya damƙe ta a benci, ya buga alama ɗan nesa da hujin farko, ya huda na biyu.

"Baba, me ka ji a ƙafarsa?" na tambaye shi.

"Gajiya ce. Wata guda ya huta, in mayar masa inda yake."

"To ka gaya masa mana."

Ya ɗago ya dube ni kamar na yi saɓo. "Uwata, ba a sa wa direba shakka a ƙafa. Asabar yana da tsere. In ya shiga kwana yana tunanin ƙafarsa maimakon hanya, gawa za a kawo mana."

Wannan ba Baba ya ƙirƙira ba. Duk masu aikin motocin tsere haka suke: abin da zai tada hankalin direba a gyara shi a ɓoye, a ce masa mota lafiya lau. Na sha ganin ana yi da birki, ana yi da sitiyari, har ana dariya bayan an gama. Ban taɓa ganin an yi da jikin mutum ba. Amma na koma kan ɗinkina.

Da yamma Auta ya zo ya taka, fuskarsa ta washe. Ya ce hannun Baba akwai albarka, kulocin ya koma kamar auduga. Ranar Asabar ya zo na biyu. Na ce da kaina ashe dai tsohon ya fi ni gaskiya.

Bayan sati biyar ya dawo da ƙorafi iri ɗaya. A wannan karon Baba ya ce masa sifirin ne. Aka huda na uku. Na huɗu kuma aka ɗora wa ƙusa laifi, wai ta ci. Ba sanda, ba sifirin, ba ƙusa da ba a yi wa sharri ba a motar nan. Kowane zuwa sai Baba ya san dabarar da zai zaunar da shi a jarka, kuma kowane zuwa sai ya ƙara daɗewa a tsugune.

Ni kuma na fara ganin abin da ba sai da tafin hannu ba. Bakin takalminsa na hagu ya side, don jan ƙafar yake. Ya kan yi tuntuɓe a dokin ƙofar shagona, ya juya ya zagi dokin ƙofa. Wandon da ya kawo in rage masa, da na auna, cinyar hagu ba ta kai ta dama ba. Matarsa ma ta lura. Wata ranar Juma'a muna cin abinci a gidansu ta ce don Allah ya je likita ya duba shi.

"Ni?" ya ce, yana dariya. "Kin san irin kulocin da nake takawa? Ƙarti nawa suka gwada suka kasa? In da ƙafata ba lafiya, da zan zo na biyu a watan jiya? Yaya, gaya mata."

Ya juyo yana kallona, yana jira in goya masa baya. Kalma biyar ta ishe ni a lokacin, amma sai na ce wa matarsa ta ƙara mini ruwa. Na yi ta neman sunan da zan ba abin da na yi a ranar, ban samu wanda ya wuce tsoro ba. Tsoron in tona wa Baba asiri a gaban suruka, da tsoron Auta ya ce tun yaushe na sani. Kuma ni ma ina so a ce gajiya ce. Kullum shirun na ƙara kwana, faɗin na ƙara nauyi.

Washegari na shiga wurin Baba da zafina. Na ce masa ya isa haka, yaron nan da motar yake kafa hujja, mu ne muke hana shi zuwa asibiti. Na ɗaga murya har masu faci suka leƙo. Baba na gugar wata ƙusa da takardar yashi, bai ɗago ba.

"In na mayar masa na farko yau, ba zai iya motsa ta ba," ya ce. "Ki ce in tsaya in kalle shi yana takawa ta ƙi?"

"To sai yaushe?"

"Bari ya gama tseren watan nan."

Tsere kuwa ba ya ƙarewa, kowane wata da nasa.

Abin haushin shi ne, a watannin nan Baba ya yi aikin da bai taɓa yin irinsa ba. Tunda kowane sabon huji na ƙara wa feda tsawon tafiya, sai da ya nemo mata wuri. Ya gasa wuyan fedar ya ɗago ta sama. Ya yanke ƙarfen da ke tare ta a ƙasa. Ya matso da kujera gaba kaɗan, ya ce wa Auta notinta ne suka saki. Ya fiƙe sabbin ƙusoshi ya goge su har kana ganin fuskarka, ya cire duk wata gogayya da ke cin ƙarfin ƙafa a banza. Ya kan yini a kan abin da bai kai ɗan yatsa ba, ya manta da shayinsa har ya yi sanyi. Wasu direbobi suka taka kulocin Auta suka ruɗe, suka zo suna roƙon a yi musu irinsa. Baba ya fatattake su, har da wanda ya shekara goma yana kawo masa aiki. Ba su san me suka yi masa ba.

Huji na bakwai a bakin gwiwar ya faɗa, ƙarfen da ya rage a gefensa bai fi kaurin tsinken ashana ba. Da safe Auta ya zo gwaji a cikin layi. Ya tada inji, ya taka feda har ta daki ƙasa, ya ja giya. Giya ta yi ƙara ta ƙi shiga. Ya sake, ta sake ƙi. Tafiyar fedar ta ƙare kafin kuloci ya saki, kuma babu sauran inda za a huda.

Baba ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar da sifana. Daga inda nake ina ganin ƙafafunsa kawai, kuma ban ji ƙarar sifana ko sau ɗaya ba. Auta ya gaji da jira, ya buɗe ƙofa zai fito ya leƙa. Yana dafa ƙasa da ƙafar hagu ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa, ya zube a kan tsakuwa. Ya yunƙura ya tashi, ya sake zubewa. A karo na biyu bai yi dariya ba.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Bayan hoto da gwaje-gwaje ta ce wani abu ne a ƙashin bayansa ya goce ya danne jijiyar ƙafa. Ta tambaye shi tun yaushe ƙafar ta fara rauni.

"Bai fi sati biyu ba," in ji Auta. "Watan jiya ma na yi tsere."

Ta dubi cinyar, ta dube shi. Ta ce naman ƙafa ba ya zubewa haka a sati biyu.

Baba na tsaye a bakin ƙofa, rabinsa a ciki rabinsa a waje, hula a hannu. Shigarsa asibiti ta farko ke nan a shekara goma sha ɗaya.

"Wata bakwai ne," ya ce.

Duk muka juya. Ya ci gaba, idonsa a kan likitar, kamar mai ba da bayanin mota. A watan farko kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin ya tafi. A na uku, rabi. Daga na biyar yatsun sun daina turawa, da cinya yake takawa. Likitar ta rubuta duka, ta ce da ma'auni ya gwada? Ya ce da hannu. Ta ajiye biro, ta ce za su yi aiki, ciwon zai tafi, amma jijiyar da ta daɗe a danne haka ba kasafai take farfaɗowa ba. Da a wata biyun farko ne, da magana ta bambanta. Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma na so a ce da faɗa ne.

An yi aikin, ciwon ya tafi. Wata huɗu matarsa na kai shi gashi, ni ina kai 'yarsu makaranta, Baba na zuwa kullum ya zauna a bencin waje ya koma. Ƙafar ba ta dawo ba. Aka ba shi sanda, da wani abin roba da ke riƙe masa idon sawu.

Ran nan da la'asar sai ga shi a bakin wurin Baba, matarsa ta sauke shi ta tafi. Motar na nan inda ta tsaya, an lulluɓe ta da tamfol. Na bar rigar da nake ɗinki na zagayo.

"Baba, ina so in ga gwiwar."

Baba ya yaye tamfol ɗin, ya shiga ƙarƙashi ya kwanto ta, ya goge da tsumma ya miƙa masa. Auta ya jingina da benci, yana bin hujin ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa.

"Wannan shi ne sanda ta lanƙwashe?"

"Shi ne."

"Wannan sifirin?"

"E."

Bai tambayi sauran ba. Ya miƙa masa ya ce a mayar, a sa sandar a hujin farko. Na ce Auta don Allah ka bari, ya ce Yaya ki ƙyale ni. Baba ya mayar. Auta ya ajiye sandarsa, ya riƙe rufin motar ya zura jikinsa ciki, ya ɗaga ƙafar hagu da hannu biyu ya ɗora a kan feda. Ya taka. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi ya keto masa. Fedar ko gezau.

Ya sauke numfashi, ya ɗora goshinsa a kan sitiyari.

"Da ka bar mini shi haka, Baba," ya ce a hankali, "da tun watan farko na san ba ni da lafiya."

"Na sani," in ji Baba.

"Ke ma, Yaya?"

"Ni ma."

Na so ya yi ihu, ya zage mu, ya jefe mu da sifana, ko ma ji sauƙi. Bai yi ba. Ya daɗe a haka, sannan ya ɗago ya dafa ƙofa zai fito. Motar tsere ƙasa-ƙasa take, kujerarta kamar rami, ga ƙarafan kariya sun gitta ƙofar. Ya yunƙura sau ɗaya, sau biyu, ya koma ya zauna. Ya leƙa layi ko akwai wani, masu faci duk sun tafi salla. Daga ni sai Baba.

Baba ya sunkuya ya sa hannu a hammatarsa ta dama, ni na kama ta hagu. Auta ya kau da fuska gefe don kada ya kalli ɗayanmu, ya sakar mana nauyinsa, muka ɗago shi.